Amsoshin Tambayoyinku: Wace Kyamara Zan Saya Don Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Ruwa?

TAMBAYA

 Ni mai ɗaukar hoto ne a garin Ikara. Aikina biki da suna da walimar sauka, har Makarfi da Hunkuyi ana kirana. Ina yawan kallon bidiyon masu nutso a YouTube, abin yana burge ni ƙwarai. Ina so in fara ɗaukar irinsa a dam ɗin da ke kusa da mu, in nuna wa mutane kifi da yadda masunta ke aiki a cikin ruwa. Na iya iyo tun ina yaro. Sannan ina da niyyar Umra in Allah ya yarda, an kuma ce mini a Jidda ana nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya. Wace kyamara zan saya da za ta yi mini duka biyun? Wani abokina ya ce wayata ma ta isa, tunda an rubuta ba ta jin ruwa.

Daga wani mai karatu, Ikara, Jihar Kaduna.

AMSA

 Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma nufe ka da zuwa Ɗakinsa. Zan ba ka sunayen kyamarori, amma ka yi haƙuri sai can gaba, domin a wannan harka kyamara ce ta ƙarshe a cikin abubuwan da ake saye. Ruwan da za ka shiga shi ke zaɓa maka kaya, kuma ruwa biyun da ka ambata sun yi hannun riga.

Abin da ya burge ka a YouTube galibinsa an ɗauke shi ne a ruwan da mutum ke hangen mita 20 ko 30 a gabansa. Maliya tana cikin irin waɗannan. Babu wani babban kogi da ke kwarara cikinta, ruwan sama kuma bai cika sauka a gaɓarta ba, saboda haka ba abin da ke kai mata laka. Namu kuwa, ko Gimbawa ce ta nan Ikara, ko Galma a ƙasar Kubau, ko Tiga da aka kammala a 1974 a ƙasar Kano, ruwa ne da ya wanko gonakin masara da dawa da fadamun rake kafin ya taru. Yashi yakan kwanta da wuri, amma lallausar laka sai ta yi makonni tana yawo a ruwa. Ga gansakuka da takin zamani ke ciyarwa, ga shanu da ke dagula baki safe da yamma. Da damina kana iya miƙa hannu a cikin irin wannan ruwa ka kasa ganin yatsunka, kuma abin da idonka bai gani ba, kyamarar miliyan goma ma ba za ta gani ba.

Don haka kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwaji. Nemi farin murfin kwano, ka huda tsakiyarsa, ka zura igiya ka ɗaura dutse a ƙasa, ka ƙulla igiyar a kowane rabin mita. Ka roƙi wani masunci ya shiga da kai a kwalekwale da hantsi, ka riƙa sakin murfin a hankali har ya ɓace maka. Tsawon igiyar da ta nutse shi ne ma'aunin garau ɗin ruwan. Masana ruwa da wannan dabara suke aiki tun 1865, lokacin da wani Ba'italiye mai suna Angelo Secchi ya fara gwada ta a teku. Masu hoton ruwa kan ce kada tazararka da abin da kake ɗauka ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar ganinka. Ke nan in murfin ya ɓace a mita ɗaya, hoto mai kyau sai abin da ke taƙi ɗaya daga idon kyamara. Ka maimaita gwajin a wata daban-daban. Yawanci bayan ɗaukewar ruwan sama, daga Disamba zuwa Fabrairu, laka takan lafa, sai dai lokacin ne ruwa ya fi sanyi, hazo kuma ya rage hasken rana. Abin da murfin kwanon nan ya faɗa maka ya fi duk shawarar mai shago.

Sai kai kanka. Ka ce ka iya iyo, na kuma yarda, amma iyo daban, nutso da tukunyar iska daban, har akwai inda ɗabi'ar mai iyo ke zame masa haɗari. Mai iyo ya saba riƙe numfashi in ya nutsa. Mai hoto shi ma ya saba riƙe numfashi lokacin danna maɓalli don kada hannu ya girgiza. Kai ka haɗa ɗabi'un biyu, alhali dokar farko ta nutso da tukunya ita ce kada a taɓa riƙe numfashi. Ga dalili. Kowane zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi kwatankwacin na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10, in ka taso da ita ba ka fitar ba, kafin ka kai sama ta ninka girmanta biyu a cikin huhunka. Ba sai an yi nisa ba ma, tasowar mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe ta isa ta yi ɓarna. Mutumin da hankalinsa ke kan allon kyamara yana bin kifi ba ya lura yana tasowa, ba ya kuma duba agogon da ke nuna sauran iskarsa. Shi ya sa malaman nutso ba sa son ganin kyamara a hannun sabon ɗalibi sai ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ya nitsewa ba ya tasowa, ba ya kuma shure ƙasa da ƙafa. A ruwanmu wannan na ƙarshen ma shi ne rabin hoton: shuri ɗaya a kan taɓo, ka tashi da abin da za ka ɗauka na rabin awa.

Takardar shaidar matakin farko, irin wadda ƙungiyar PADI da takwarorinta ke bayarwa, tana ba mutum izinin zurfin mita 18, mataki na gaba mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuma mita 40. Kwas ɗin farkon kwana uku ne zuwa huɗu, kuma a Jidda akwai wuraren koyarwa masu lasisi, musamman wajen Obhur a arewacin birnin. In da ni ne, kuɗin farko nan zan kai su. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce iya ruwa fid da kai.

Akwai abu biyu da nake roƙonka da girman Allah kada ka gwada. Na farko, jona tiyo da injin iskar mai faci a ce za a shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Iskarsa tana tafe da tururin mai da hayaƙin inji, mutum sai ya suma bai san ya suma ba. Na biyu, tukunyar oksijin ta asibiti ko ta masu walda. Mutane na ce wa tukunyar nutso "oksijin", alhali iskar nan ce da muke shaƙa, aka tace ta aka danna. Zallar oksijin, da an wuce zurfin mita 6, tana iya tayar wa mutum da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka kuma sani cewa ƙasarmu ta Zazzau tana sama da teku da fiye da mita 600, lissafin nutso na yau da kullum kuwa an gina shi ne don wurin da bai haura mita 300 ba. Duk wanda zai nutsa da tukunya a Galma ko Tiga sai ya gyara lissafinsa, kuma wannan darasi ne mai zaman kansa.

Dam yana da nasa tarkon da teku ba ta da shi. Kusa da bango akwai bakin bututun da ke zuƙar ruwa, wanda in ya kama mutum ƙarfinsa ba ya ƙwatarsa. Akwai tsofaffin itatuwan da ruwa ya ci, da yagaggun raga da igiyar mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ba ka ganinsu sai sun riƙe ka. Akwai tsargiya, wadda ke shiga ta fata a ruwan da katantanwa ke zaune. Ka fara zuwa wajen sarkin ruwa da masunta, su suka san gurbi da inda ba a zuwa. Ka nemi izinin hukumar da ke kula da dam ɗin, tunda kayan gwamnati ne, kuma a wannan zamani baƙo da kyamara a bakin madatsa yana jawo tambayoyi. Kada ka shiga kai kaɗai.

To, mu zo kan wayar. Abokinka yana nufin alamar IP68. Abin da take nufi shi ne an gwada wayar tana sabuwa, a ruwan daɗi da ba ya motsi, na ɗan lokaci. Samsung kan rubuta mita ɗaya da rabi na minti 30, iPhone na baya-bayan nan mita 6 na minti 30, kuma garantin da ake ba ka bai shafi ɓarnar ruwa ba. An yi ta ne don ranar da waya ta faɗa bokiti. In an taɓa buɗe ta wajen mai gyara, ko ta sha faɗuwa, ka ɗauka kariyar ta tafi. Allon waya kuma ba ya jin yatsa a cikin ruwa. Jakar leda mai zif da ake sayarwa da araha ta bakin ruwa ce kawai. Akwai kwanson waya na gaske, irin SportDiver na kamfanin SeaLife da ke kai mita 40, ko na Divevolk wanda ake iya taɓa allo ta cikinsa, kuma hotonsu ba laifi. Abin da ke hana ni ba ka shawararsu shi ne wayarka ofishinka ce: lambobin masu biki, asusun banki, hotunan mutane da ba ka kai musu ba. Ranar da ruwa ya shiga, ba kyamara kaɗai ka rasa ba.

Wani zai ce ka saya wa babbar kyamararka ta biki kwanso. Ana yi, kuma duk hotunan mujallu da irinta ake ɗaukarsu. Kamfanoni irin su Nauticam da ke ƙera na alminiyom da Ikelite da ke ƙera na roba mai kauri suna yi wa kowace kyamara nata daban, domin kowane maɓalli sai an fitar masa da sandarsa. Sau da yawa kwanson kan fi kyamarar tsada, ga murfin gaba da ake saya daban don kowane ido, ga fitilu. In ka sauya kyamara, kwanson ya zama kayan ado. Kuma wannan ita ce kyamarar da ke ciyar da gidanka. Bar ta a tudu.

Abin da ya rage maka aji biyu ne, kuma a nan ya kamata ka tsaya ka yi tunani.

Ajin farko ƙananan kyamarorin nan ne masu kamar akwatin ashana, GoPro da DJI Osmo Action da 'yan uwansu. GoPro ta yanzu tana jure mita 10 tsirararta, Osmo Action 4 mita 18, kuma kowacce in an sa ta a kwansonta na kamfani tana kai mita 60. Sabuwar GoPro kan fito a wajen dala 400, wadda ta kwana shekara biyu kuma ta fi sauƙi nesa, aikinta a ruwa bai bambanta sosai ba. Ƙarfinsu bidiyo ne. Idonsu mai faɗi ne, wanda shi ake so, domin yana ba ka damar matsawa dab da abu ka kuma kwashe shi duka, ruwan da ke tsakaninku ya ragu. Rauninsu biyu. Ba sa son duhu, da haske ya yi ƙasa sai hoto ya cika da yashi-yashi, dabarar hana girgiza ma ta rikice. Sannan abin da ya matso ƙasa da kamar santimita 30 ba ya fita tas, sai an ƙara musu gilashin kusa a gaba. Ka tuna lissafin murfin kwano: in iyakarka taƙi ɗaya ce, ita kuma kyamarar ba ta gani sai daga taƙi da rabi, ka ga an yi ba a yi ba.

Aji na biyu shi ne OM System Tough TG-7, wadda a da ake kira Olympus, da yayarta TG-6 da kusan komai nasu ɗaya ne. Tana jure mita 15 ita kaɗai, da kwansonta mai lamba PT-059 kuma mita 45. Ta fito a 2023 a wajen dala 550. Bidiyonta bai kai na GoPro santsi ba, amma tana da abin da ya dace da ruwanmu: tana ɗaukar abin da ke santimita ɗaya daga idonta. A ruwan da ba a ganin mita ɗaya, duniyar da ta rage wa mai hoto ita ce ta ƙanana: gashin bakin tarwaɗa, ƙayar kurungu, 'ya'yan karfasa a gindin bado, ƙwarin ruwa a jikin kainuwa. Waɗannan kuma, in ka tambaye ni, sun fi kifin Maliya zama sabon abu ga mai kallo a Ikara, tunda na Maliya dubban mutane sun riga ka ɗauka. Tana da filashinta da ke iya tayar da babbar fitilar walƙiya ta waje, abin da GoPro ba ta yi. Ga kuma wata rahama: in kwanso ya yi yoyo, ita kanta ba ta jin ruwa.

Hukuncina shi ne, in bidiyon masunta da tafiyar Jidda ne suka fi tsaya maka a rai, ɗauki ajin farko tare da kwansonsa na asali. In hoto ne sana'ar da kake so ka faɗaɗa, kuma yawancin aikinka a gida za ka yi shi, TG ta fi. Amma ka guji marasa suna da ake rubuta wa "4K" a kwali ana sayarwa kuɗin buhun masara bai kai ba. Araha ba ta ado, kuma galibi kwanson nasu ne ke fara ba da kai.

Haske shi ne inda kuɗi ke yin aiki, shi ne kuma inda ake fi yin kuskure. Ruwa yana shanye launi ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, a wajen mita 5 ya ƙare, ruwan lemo ya bi shi a wajen mita 10, rawaya a wajen 20, har a bar ka da shuɗi kaɗai. Kuma ba zurfi kawai ake lissafawa ba, duk tafiyar da hasken ya yi ce. In kifi yana mita biyu da rabi daga gare ka, hasken fitilarka zai je ya dawo, mita 5 ke nan, jan ya mutu a hanya. Saboda haka komai ƙarfin fitila, amfaninta bai cika wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. A Maliya, in ba ka wuce mita 10 zuwa 15 ba kuma rana na sama, jar filta a gaban kyamara tana dawo da launi da kuɗi kaɗan. Koren ruwa filta mai ruwan hoda yake so. Ruwan laka kuwa babu filtar da ke gyara shi, tunda filta rage haske take yi, kai kuma hasken ne ba ka da shi. Kada ka haɗa filta da fitila, komai zai koma jajir.

Ka taɓa tuƙi da dare a hanyar Zariya zuwa Kano cikin ƙurar hunturu, ka kunna babbar fitila, sai ka ga farin bango ya tsaya a gabanka? Abin da ke faruwa ke nan in fitila tana manne da kyamara a ruwa mai laka: kowane ƙwayar datti da ke gaban ido sai ya maido maka da haske. Maganinsa a raba fitila da kyamara. Ana ɗora kyamara a kan faranti mai mariƙi biyu, a ja fitilar gefe da hannu mai gwiwa, a ɗan karkata ta waje, yadda gefen haskenta ne kawai zai taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke tsakani ya zauna a duhu. Farantin nan kuma yana kashe girgizar hannu fiye da kowace dabara ta cikin kyamara. Ka nemi fitilar bidiyo mai faɗin haske, wajen digiri 100 zuwa 120, ba tocilan mai tsinin haske ba, mai ƙarfin lumen 2,000 zuwa 3,000, wadda ake iya ragewa. A dam sau da yawa rage ta za ka yi. Fara da guda ɗaya, ka iya ta, sannan ka yi tunanin ta biyu.

Bidiyon ƙarƙashin ruwa da ya fi kowanne shahara daga Najeriya ma ba shi da wani kyau a ido. A ranar 26 ga Mayu, 2013, jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos, ya kwanta a zurfin kusan mita 30. Masu nutson da aka aika gawa suka je nema. Cikin duhu da dagulallen ruwa, kyamarar da ke kan hular ɗayansu ta kama wani hannu yana miƙowa: Harrison Okene ne, kukun jirgin, wanda ya yi kimanin awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12, kuma a 2015 shi ma ya zama mai nutson sana'a. Duniya ta kalli wannan bidiyo ba don launinsa ba. Fitila ce, da kusanci, da mutumin da ya san aikinsa har kyamara ba ta ɗauke masa hankali ba.

Abu ɗaya game da gilashin gaban kwanso. In shimfiɗaɗɗe ne, ruwa yana karya haske a jikinsa, abu ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa, faɗin da kyamara ke gani ya tsuke. Gilashi mai tulluwa yana maido da faɗin. Ana sayar da irinsa na roba don GoPro ba da tsada ba, kuma da shi ake ɗaukar hoton nan da rabinsa ke sama rabinsa ke cikin ruwa. Ga mai son nuna aikin masunta, wannan ya fi tukunyar iska amfani. Dubi Argungu. Da zarar dubban masu homa da gora sun afka kogin Matan Fada, ƙarƙashin ruwan ya zama kunu, ba abin ɗauka. Hotunan da ke tsayawa a rai su ne na daidai fuskar ruwa, inda kai ke ɓullowa, raga na ɗiga, giwan ruwa na fisga. Wannan tsayuwa a ruwa iya ƙirji kawai yake bukata.

Haka nan kifi. Tsoron mutum yake yi, kumfar mai tukunya kuma korarsa take. Ɗaure ƙaramar kyamara a bakin doguwar gora ka zura daga kwalekwale, ko ka ɗaure ta a bulo ka ajiye a ruwa marar zurfi kusa da ciyawa, ka watsa dusa, ka koma tudu ka ba ta minti 20. Za ka sha mamakin abin da zai zo ya leƙa ta. Sai dai ba za ka iya kallo ta waya ba yayin da take ciki, domin Wi-Fi ba ya ratsa ruwa ko da taƙi ɗaya. Ka sa mata igiya ta biyu da galan mai yawo a sama. In kuwa kana so ka ɗanɗana garau ɗin ruwa ba tare da fasfo ba, je ka Wikki a Yankari ta Jihar Bauchi. Ruwan ɗumi ne mai digiri 31 rani da damina, ana ganin yashin ƙasansa, zurfinsa bai kai mita biyu ba. Kwana biyu a can da tabaran nutso za su koya maka saitin kyamararka fiye da wata guda a dam.

Sauran magana ta kula da kaya ce, kuma ƙasarmu ba ta yi wa kwanso adalci. Duk tsaronsa yana kan wani siririn zoben roba da ke zagaye da murfi. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Kada ka buɗe ko ka rufe kwanso a bakin dam cikin iskar hunturu. A ɗaki za ka yi, da haske mai kyau, ka zare zoben da gefen katin roba ba da allura ba, ka goge, ka shafa masa ɗan man silikon na kamfaninsa har ya yi sheƙi kawai. Basilin da man inji suna lalata shi. Ka jefa ƙullin silika guda a ciki, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, domin in ka rufe iska mai ɗumi ka shiga ruwan sanyi, gilashi zai yi gumi ta ciki. Kada ka bar shi a rana ko a cikin mota a zafin Afrilu. Sabon kwanso kuma ba a fara shi da kyamara. Sa masa tishu, ka rufe, ka ɗaura masa nauyi, ka nutsa shi a duro ko ka zura shi rijiya da igiyar guga na awa ɗaya, kana fitowa da shi ka duba tishun. Gwajin ruwa marar zurfi ba wasa ba ne, domin a nan yoyo ya fi faruwa. Can ƙasa matsin ruwa da kansa yana ƙara danne zoben. Batir biyu na ƙari da memori mai sauri su ma cikin kuɗin kyamara za ka lissafa su.

Game da Jidda, ga abin da zan ƙara. Kada ka sayi tukunya da sauran kayan nutso, haya ake ba da su a can, wasu wuraren ma har kyamara. Batir a jakar hannu yake tafiya, ba a kayan da ake aunawa ba, kwanso kuma a buɗe, don in ka rufe shi gam sauyin matsin iska a jirgi zai iya hana shi buɗuwa. Bayan kowane nutso ka jiƙa kayan a ruwan daɗi kana danna maɓallan, in ba haka ba gishiri zai bushe a cikinsu ya ci zoben. Murjani ba a taɓa shi ba a taka shi, wani yana ƙuna, wani kuma abin da ka karya da ƙafa ya yi shekaru yana girma. Kada ka juya kyamara kan iyalan mutane a bakin ruwa ko wuraren jami'an tsaron gaɓa. Wannan teku dai ita ce mai binciken ƙarƙashin ruwa Jacques Cousteau ya kafa wa gida a ƙarƙashinta a 1963, a Sha'ab Rumi kusa da Port Sudan, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10, fim ɗin da ya fito daga ciki kuma ya ci kyautar Oscar. Sai dai ɓangaren Sudan ɗin, tun yaƙin da ya ɓarke a 2023, ba wurin zuwa yawo ba ne.

Ka tsara kwanakinka da lura. Iskar da jiki ya sha a ƙarƙashin matsi tana bukatar lokaci kafin ta fita, jirgin sama kuma rage matsi yake yi. Ƙa'idar ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, masu taka-tsantsan kuma kan cika kwana guda cur. Saboda haka ka gama ibadarka, ka yi nutsonka a tsakiyar kwanakin da suka rage, ka bar jajibirin komawa Kano don tsarabar dabino da zamzam.